Shanun Hamma a Bakin Rijiyarmu

Zuwa ga yayana Malam Sidi, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kare ka daga wahalar aikin can, amin. Mu nan lafiya. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, ƙanwarmu Firdausi kuma ta sauka, an samu mace.

Bayan haka, Yaya, alƙalamina ya yi nauyi. Ka san Hamma, Bafulatanin nan da ya shekara ashirin yana sauka da shanunsa a gonakinmu bayan girbi, wanda takinsa ya tayar da gonar Baba. To, a tsakiyar bazarar nan aka wayi gari an cinye harawar maƙwabcinmu Manzo, aka ga sawun shanu, aka ce na Hamma ne. Ba wanda ya bi sawun. Da hantsi mutanen gari suka haɗu a bakin rijiya, suka cire gungumen da igiya ke gudu a kansa, suka kwashe wasaki, manyan gugan fatar nan, suka ce sai sun ga dama Hamma zai shayar da shanunsa. Rijiya mai zurfin gaba arba'in, wata kuma sai an yi tafiyar yini da rabi. Kwana uku shanun na kewaye bakin rijiya suna lasar laka. Tara suka faɗi. Sai daga baya aka gane shanun amalanken Manzo ne da kansa suka tsinke suka cinye harawar.

Abin da ke tayar mini da zuciya, babu ɗan fashi ko ɗaya a cikinsu. Da su muke haɗa sahu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Manzo ya ce shi kuka kawai ya kai. Mai unguwa ya ce bai ba da umarni ba, bai dai hana ba. Wani ya ce da ya ga kowa ya yarda sai ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau, kamar an sauke masa kaya. Nan na gane mugunta watanda ake yi da ita: a yanka sa, a kasa kashi-kashi, kowa ya ɗauki ɗan nasa ya tafi gida, babu mai cewa shi ya ci sa. Da abin ya hana ni sukuni na rubuta:

Kowa ya ɗebi tsoka ya ce kaɗan ce,
Sa ya ƙare, mahauci ba a gan shi ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka. Ɗanka Hashimu, magidanci mai ƴaƴa biyu, shi ya kwance igiyar ya kai gida. Ya ce mini igiya ce kawai, kuma da ya ƙi, da an ce ya sayar da gari. Hamma ya kai ƙara gaban sarki, an sa ranar Alhamis, ya kuma ambace ni shaida, domin ina tsaye a gindin aduwa abin ya faru. Dattawa sun zo sun roƙe ni in ce ban gane fuskoki ba. Inna ma ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ba zan yanke shi ba, Yaya, amma ba zan rufe ruɓa da riga ba. Zan faɗi sunan Hashimu. Kafin nasa zan faɗi nawa, domin kwana ukun nan ina da baki, ina da guga a gida, na tsaya ina neman kalmomi masu daɗi har saniya ta farko ta durƙusa. Na rubuto ne don kada ka ji a bakin direbobi. In ka yi fushi, ka yi da ni, na ɗauka.

Ka gaishe da Mariyama da yara, da Kabiru maƙwabcinka. Inna da matata Zalika suna gaishe ka. Allah ya yafe mana, ya mayar wa Hamma da alheri.

Naka ƙane,
Nafi'u