Na Ce An Bar Waya A Wuyan Babana, Yanzu Yana So A Zare Robar

Salama a gare ku 'yan gida. Admin a ɓoye sunana, don rabin Kafanchan sun san bakina. Don Allah ku ba ni shawara, tsokanata ta jawo abin da ya fi ƙarfina.

Ni yarinya ce, shekarata sha bakwai. Ƙodar Babana ta samu matsala, aka tura mu Kaduna wankin ƙoda. Kafin a fara sai da aka sa masa roba a babbar jijiyar wuya, wadda suke kira kateta. Mama ta tafi karɓo magani, don haka ni likita ta zaunar ta yi wa bayani. Ta ce da na'urar sikanin suka nemo jijiyar, suka kashe zafin wurin, suka soka allura, suka zura siririyar waya ta cikinta, robar ta bi wayar ta shiga, sannan suka zare wayar suka ɗinke. Ta gargaɗe ni kada ruwa ya taɓa wurin, kada a buɗe murfin, kuma kada kowa ya ja robar, jini zai ɓalle ko iska ta shiga. Shi Baba bai ga komai ba, an rufe masa fuska da koren ƙyalle.

Da muka dawo, 'yan zumuntar matan cocinmu suka zo addu'a, suka cika tsakar gida, kowa fuska kamar an yi rasuwa. Ni kuma ba na iya ganin taro in yi shiru. Na ce musu wayar ta kai igiyar shanya tsawo, likita har da taka gado tana turawa, kuma da ta ƙi fitowa sai suka bar ta a ciki, yanzu in Baba ya wuce kusa da rediyo sai tasha ta canza. Mama Talatu, shugabarsu, ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Ban san tagar Baba a buɗe take ba.

Tun ranar ya daina juya wuya. Ya ce yana jin wayar tana tsikarar zuciyarsa. Litinin za mu koma a cire wannan robar ta wucin gadi a sa masa mai daɗewa a ƙirji, ya ce ko an ɗaure shi ba zai je a ƙara masa waya ta biyu ba. Ƙanensa da ya zo daga Kwoi ya ƙara zuga shi, wai ya san wani mai kemis da zai zare komai cikin minti biyu, sai a gasa wurin da ruwan citta.

Na durƙusa na ce Baba wasa nake yi. Ya ce ranar da nake dariya ranar na faɗi gaskiya, yanzu Mama ce ta sa ni lallashinsa. Mama kuwa ta ce in ya taɓa robar nan, in nemi wata uwar. Na kira layin asibitin, nas ta ce kada a bar kowa ya taɓa, mu kawo shi. To ta yaya?

Jiya na kama shi gaban madubi yana ɗaga bakin filasta da farce. Na riƙe hannunsa, ya ce in sake shi, ai ni na gani da idona. Ni ko ɗakin da aka sa masa robar ban shiga ba.

Yanzu in roƙi Fasto ya ba ni dama ranar Lahadi in tsaya gaban jama'a in ce ƙarya na yi, ko zai yarda? Ko in nemo hoton ƙirjin da aka yi masa a asibiti in nuna masa babu waya? Ga shi mai kemis ɗin gobe Asabar zai zo, tun kafin Lahadin. Duk wanda ya san yadda maƙaryaciya take sa a yarda da ita kafin gobe, ya taimake ni.