Allurar Ƙashina Ta Bar Firiji Ta Koma Aljihun Tebur

Zuwa ga Manajan Ma'aikata na masaƙarmu da ke Bompai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Malam Isa na sashen rini, dattijon nan da ƙafafunsa suka lanƙwashe. Na biyo ta jarida ne don bencin ƙofar ofishinka ya gaji da ni.

Na ɗaya. Ciwon ƙashi gare ni, irin wanda har ƙashin kai yake ƙara girma. Hular da nake zuwa Juma'a da ita ta daina shiga. Likitan babban asibiti ya rubuta mini allura, ya ja kunnena cewa a firiji take zama, in ta sha zafi ta tashi daga aiki. Kamfani ya ɗauki nauyinta, kuma na gode.

Na biyu. Na san allurar nan kamar yadda na san hanyar gidana a Dakata. Da sanyinta take zuwa. Da an yi mini sai fuskata ta ɗau zafi, zuciyata ta tashi, amma in samu barci, in miƙe daga sujada ban dafa bango ba. Tun bayan babbar Sallah, daga aljihun tebur ma'aikacin ɗakin maganin kamfani yake zaro ta. Ba zafin fuska, ba tashin zuciya, ba sauƙi. Na leƙa firijin, lemon kwalba ne maƙil, wai na baƙin ofis.

Na uku. Da na yi ƙorafi, an ce mini jikina ne ya saba da ita. To ciwon fa, shi ma sabo ne ya dawo da shi? Ko dai maganin ya lalace, ko ruwa ake ɗura mini. Kuma a daidai lokacin ne aka fara raɗe-raɗin rage ma'aikata, wai da marasa lafiya za a fara. Ban ce shiri ba ne, amma ina zargi, kuma ina jin tsoro, don da aikin nan nake ciyar da gidana.

Roƙona shi ne a kai wa likitan kwalba ɗaya ya duba, a fitar da lemo a mayar da magani, kuma kada a sa ni cikin waɗanda suka gaza kafin a gwada ni da allurar gaskiya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar ka da ƙafafunka, kada ya nuna maka ranar da hularka za ta ƙi shiga kanka.

Wassalam.
Malam Isa, sashen rini.