Hannaye Biyu Masu Lalle a Hoton Ƙofar Makaranta

Zuwa ga Shugabar Sashen 'Yan Mata,
Makarantar da 'yata take karatu a Muhaisnah, Dubai.

Ranki ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da malamanki, ina yi muku sannu da ɗawainiyar yaranmu. Allah ya saka da alheri.

Sunana Binta, mutuniyar Kano, mahaifiyar Nusaiba ta aji tara. Ni da maigidana muna da ɗan shagon kago a Al Buteen, muna auna kayan 'yan kasuwa muna tura musu gida. Na zo ofishinki ban same ki ba, na bar saƙo a hannun sakatariya, har yau shiru. Shi ya sa na fito fili. Da Hausa na rubuta, domin da ita nake iya faɗin abin da ke cina daidai, kuma ina so sauran iyaye 'yan uwana su karanta. Fassarar za ta iso teburinki.

Maganata a kan wasan nan ne da kuke kira ciyalidin, inda 'yan mata ke jeruwa suna tafi da kirari da tsalle, sannan wasu su ɗaga ɗaya sama a kan tafin hannu, su cilla ta, su cafe. Kuma tun da wuri zan faɗa miki, don kada wani ya riga ni: kishi nake yi. Ina yi, yana kuma hana ni sukuni. Amma ki daure ki ji inda ya samo asali.

Na farko, yadda aka yi na yarda.

Da Nusaiba ta kawo takardar shiga wasan a farkon shekarar 2012, babanta ko kallon takardar bai yi ba. A wajensa rawa ce aka canza mata suna. Ni na je na leƙa atisaye da idona. Na ga dogon wando da riga mai dogon hannu, na ga mata zalla a zauren. Sai na ga wata yarinya ta saki jiki ta faɗa ta baya, ƙawayenta sun tare ta sun mayar da ita sama. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai, domin gaɗa ce. Ita muka tashi muna yi a dandalin unguwarmu, kowace ta fito tsakiya ta juya, ta faɗa hannun ƙawaye ba tare da ta waiwaya ba. Na koma gida na yi ta lallashin Alhaji har ya sa hannu. Ni na tsaya wa wasan nan a gidana, ranki ya daɗe, saboda haka ina da bakin magana a kansa.

Abin da ban lura da shi ba a ranar shi ne, a gaɗa layi ake bi. Doguwa da gajera, siririya da mai jiki, kowace sai ta faɗa an cafe ta, kowace kuma sai ta cafe wata. A naku kuwa an raba tun ranar farko: waɗannan 'yan sama ne, waɗannan 'yan ƙasa. Nusaiba ta ɗauko ƙirar dangin babanta, doguwa ce mai faɗin kafaɗa. Mai horarwa ta dube ta sau ɗaya ta ajiye ta a ƙasa, yau shekara ta biyu ke nan ba ta motsa daga nan ba.

Na biyu, hoton.

Wadda Nusaiba take ɗagawa ita ce Rahinatu, 'yar maƙwabciyata. Uwarta 'yar Zangon Kumasi ce, tana aiki a wani otal, bene ɗaya muke zaune a Al Warsan. Yarinyar a gabana ta girma, a ɗakina take cin tuwo, ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. 'Yar mitsitsiya ce, Allah ya yi ta da farin jini.

Bayan Ƙaramar Sallar bara kuka kafa ƙaton hoto a ƙofar makaranta don jawo sababbin ɗalibai. Ga Rahinatu a sama, ƙafa ɗaya a miƙe, hannaye a buɗe, tana murmushi har kunne. A can ƙasan hoton, daidai inda aka yanke shi, ga hannaye biyu sun riƙe takalminta. Babu fuska, babu ko kafaɗa. Amma akwai lalle a hannayen, jan lalle mai zanen ganye da ya zagaye wuyan hannu. Ni na zana shi da kaina ana jibi Sallah, ina yi tana mitar na cika ɓata lokaci. Na ɗauka duk Dubai ni kaɗai na san hannayen wace ce.

Maman Rahinatu ta ɗauki hoton a waya ta tura Kumasi, ta tura wa duk wanda ta sani. In mun haɗu a matakala sai ta nuna mini, in ta kawo mini abinci sai ta sake nunawa, tana cewa yaranmu sun fito. Yaranmu! Ni kuma in washe baki in ce masha Allah, in shiga ɗaki in rufe ƙofa raina yana tafasa. Na tura wa mahaifiyata a Kano, tsohuwa ta juya hoton ta juya, ta aiko a tambaye ni wai ina jikarta. Kowace safiya bas ɗin makaranta yana sauke 'yata a gindin wannan hoton.

Na uku, wasa ne ko ado?

Na tambayi malamar wasanni me ya sa 'yan ƙwallon kwando suke da nas a gefen fili, suke karɓar lambar yabo a ranar wasanni, kowace da sunanta, su kuwa 'yan ciyalidin sai dai a tafa musu a jimla. Ta ce a tsarin makaranta nasu ba ya cikin wasanni, ƙungiyar nishaɗi ce. To, ranki ya daɗe, wane irin nishaɗi ne yake sa yarinya ta dawo gida da kumburin wuyan hannu? Ni nake gasa mata kafaɗa da ruwan zafi. Na ga shatin takalmi a ƙashin wuyanta. Mai buga ƙwallo in ta yi kuskure ƙwallo ce ta faɗi. Nusaiba in ta yi kuskure, 'yar mutane ce za ta faɗo da ka a kan katako, domin katifun ma sai 'yan motsa jiki sun gama da su ake ara musu.

In kin tambaye ni ko wasan nan ya dace da makarantar 'yan mata, zan ce ya dace ƙwarai. Ya ba 'yata ƙarfi, ya koya mata riƙon amana, ya fitar da ita daga zaman ɗaki da waya a garin da zafi ke kulle yara rabin shekara. Amma ku tsaya a wuri ɗaya. Ranar neman ɗalibai wasa ne abin alfahari, ranar rabon nas da katifa da lambar yabo kuma ya koma nishaɗi. Hakan bai yi ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Nusaiba ta daina cin abinci. Da farko kular abincinta ce take dawowa da rabi, daga baya ta riƙa dawowa yadda na zuba. Yarinyar da in na yi ɗanwake sai na ɓoye na babanta, yanzu sai ta ce ta ƙoshi, ta sha ruwa ta kwanta. Na ɗauka ƙuruciya ce. Ran nan ta biyo ni shago, na fita sallamar wani mai kaya, ina dawowa na tarar da ita a kan sikelin da muke auna buhunan 'yan kasuwa, ta cire takalmi, ta cire har agogo, ta ƙura wa lambobin ido. Da na matsa mata, sai ta ce mai horarwa ta faɗa musu sama ta marasa nauyi ce, ita kuma so take ko sau ɗaya ta hau, a ɗauke ta hoto da fuskarta.

Ban ce mai horarwa ta umarce ta da yunwa ba. Amma ita ta faɗi maganar, ku kuma kuka kafa hoton, yarinya ta haɗa biyun ta fitar da nata lissafin. Ƙashinta ba zai ƙanƙance ba ko ta shekara ba ta ci ba, ƙarfinta ne kawai zai tafi. Kuma har yanzu ita ce a ƙarƙashin Rahinatu. Kishina bai kai in so ganin ranar da hannayen nan za su yi rawa ba. Uwar Rahinatu ba ta san wannan ba, a wasiƙar nan za ta gani, ina kuma roƙonta ta yafe mini da ban iya faɗa mata a matakala ba.

Alhaji ya ce in zangon nan ya ƙare ba ta koma cin abinci ba, khalas, shi ke nan, ya cire ta daga wasan. Ba ni da hujjar da zan sake tarar sa da ita.

Don haka ga roƙona.

Ku shigar da wasan nan cikin wasannin makaranta, da nas, da katifunsa na kansa, da lambar yabo mai sunan kowace yarinya, ta sama da ta ƙasa. Ku sa wadda ta san aikin lafiya ta zauna da yaran da mai horarwarsu a kan maganar nauyi da abinci, tun kafin a samu wadda za ta zube. A atisaye, ko da ƙasa-ƙasa ne a kan katifa, a bar kowace ta ɗanɗana a cafe ta, yadda muke yi a gaɗa. Hoton kuma ban ce a sauke Rahinatu ba, ta cancanci wurinta. A sake ɗauka, mai kyamara ya ja da baya kaɗan.

Da Babbar Sallar da ta wuce na kwaɓa lalle kamar kullum, na kira Nusaiba. Ta ɓoye hannayenta a bayanta, ta ce ba ta so, wai da shi ake gane ta a hoton ƙofar makaranta. Lallen ya bushe a kwano na zubar. Tun tana 'yar shekara uku ba a taɓa Sallah ban yi mata ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya ba ki ikon yin adalci tsakanin yaran da aka damƙa miki, ya tsare na sama da na ƙasa. Ni dai a dawo mini da 'yata mai cin tuwo, mai miƙo hannu a yi mata lalle.

Wassalam.

Binta, Maman Nusaiba,
Al Warsan, Dubai.