Cikina Ya Girmi Dawowar Mijina Da Sati Biyu

Anti, don girman Allah ki taimake ni, ina ji kamar kaina zai juye. Ban gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Mijina yana aikin haƙa rijiyar burtsatse, in suka tafi sai su yi wata biyu, wata uku. Wannan karon wata uku cur ya yi, yau sati takwas da dawowarsa. Shekararmu huɗu muna neman haihuwa, sai ga shi Allah ya kawo. Na je awo jiya ina murna, malamar asibiti ta tambaye ni ranar da na ga al'adata ta ƙarshe, ta juya wani ɗan faifan kwali, aka yi mini hoton ciki, ta rubuta a kati: sati goma. Na ƙirga da yatsu a cikin mota har sau biyar. Anti, takwas ne. Wallahi babu namijin da ya taɓa ni bayan mijina.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Sati biyu kafin ya dawo, wata Talata bayan azahar, jikina ya mutu, na bar keken ɗinki na kishingiɗa. Ƙofa a kulle, rana tsaka, ina jin muryar yaran maƙwabta. Sai na ji katifa ta lotsa ta bayana, kamar an zauna a hankali. Na ji ƙanshin turaren mijina, alhali kwalbar tana jakarsa can inda yake. Na so in juya na kasa, na so in yi salati harshena ya ƙi. Ina kallon labule yana motsi ba iska. Abin ya daɗe a bayana yana numfashi, sannan katifa ta taso. Da na farfaɗo na ga jini ya zo mini. Ban manta ranar ba, don da allin ɗinki nake yin alama a bayan ƙofa duk wata, layin yana nan.

Na ƙirga baya daga jiya, sati goma ya faɗa daidai kan wannan Talatar. Tun ina yarinya nake jin labarin matan da aljani ke aura. Yanzu in na ɗora hannu a marata sai in riƙa tambayar kaina wane ne a ciki. Na ɓoye katin a ƙarƙashin yaduka. Mijina sai fara'a yake, yana ta neman katin ya nuna wa yayarsa, ita kuwa mace ce mai lissafin watannin mutane. Wata maƙwabciya ta taɓa ba ni labarin mai magani da ke wanke irin wannan. In je?

Mai Keken Ɗinki

*

Ƙanwata, kada ki je, kada kuma ki sha komai da sunan wanki. Cikin nan na mijinki ne, kuma katin da kika ɓoye shi ne shaidarki.

A asibiti ba sa fara lissafi daga ranar da ciki ya shiga, domin babu mai sanin ranar. Daga ranar farko ta al'adar ƙarshe suke farawa, na'urar hoto ma da wannan ma'aunin take ba da amsa. Mace mai zagayowar kwana ashirin da takwas, ƙwanta kan fito ne wajen kwana na sha huɗu. Wato a cikin sati goman nan, biyun farko babu ciki ko kaɗan. Cire biyu daga goma, ki duba ranar da maigidanki ya shigo gida. Lissafin ya faɗa kan Talatarki ne saboda ita kika ba malamar, daga nan ta soma ƙirga. Wasu matan kwanakinsu sun fi haka ko ba su kai ba, amma naki ya zauna daram.

Ban raina tsoronki ba. Abin da kika kwatanta, ido biyu jiki a ɗaure, ga jin mutum a kusa, shi ake kira dannau, kuma yana samun mutane da yawa, musamman mai gajiya da kaɗaici. Duk wanda ya taɓa shiga ya san ba wasa ba ne. Ki riƙe addu'o'inki, ki huta, in yana yawan dawowa ki gaya wa likita.

Abin da nake tsoro shi ne ɓoyon. In mijinki ko yayarsa suka tsinci katin a ƙarƙashin yaduka, irin ƙirgan da kika yi za su yi, sannan su tambayi dalilin ɓoyewa. Ki ɗauko shi yau ki miƙa masa da hannunki, ku koma wajen malamar tare ta yi masa bayani da bakinta.

Shekara huɗu kina roƙon yaron nan, bai kamata ya fara zama a jikinki kina tsoronsa ba. Allah ya raba ku lafiya, ya sanya albarka.