Ƙafata da Tafiyar Malam Gambo Aikin Hanya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hansatu,

Na durƙusa na gaishe ki da ladabi kamar yadda kika koya mini. Ban san yadda ake tambayar kwanan wanda ya riga mu tafiya ba, sai dai in ce Allah ya sa kina cikin hutu. Ɗanki ne Ilu, daga Matameye.

Inna, bayan rasuwarki Kawu ya karɓe gona, ni kuma ban tsaya jayayya ba, na bar Tsauni. Na sauka gidan wani dattijo baduku a bayan kasuwa, sunansa Malam Gambo. Ya daɗe a Kano, can ya karɓi hanyar Yesu Almasihu, ya dawo gida da Littafi. Masu bi a nan ba mu cika tabarma biyu ba, shi ne babbanmu. E, Inna, har da ni. Na san da kina nan da kin riƙe baki. Ki yi haƙuri ki ji ni har ƙarshe.

Kin san abin da na iya. Baba bara ne a ƙofar mai gari har ya mutu, ni ma barantakar na tashi na gani. To, shi na zo in yi wa Malam. Da ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin addu'a na yi wuf na ɗauka na rungume. Sai ya ce, "Ajiye su, ɗana, ba su taɓa gudu ba." Kowa ya yi dariya, ni kuwa na rasa inda na yi kuskure.

Wajen cin tuwo ma haka. Na koma gefe ina jiran ya ci ya rage mini, ashe shi ma ni yake jira in sa hannu. Muna zaune muna kallon akushi har miya ta yi sanyi. Matarsa, Gwaggo Tabawa, ta leƙo ta ce, "Ku biyun nan za ku kashe mini tuwo da kunya! In ba ku ci, kaji na nan."

Wallahi abin ya dame ni. Na ce a raina, mutumin da bai aike ka ba, bai bar maka ragowa ba, ai bai karɓe ka ba. Kullum ina jiran ranar da za a ce in ɗauki tabarmata.

Da damina ta yi nisa, kurkunu ya fito mini a idon sawu, irin wanda ya kwantar da ke shekarar nan. Na ɗaure da tsumma, na saki wando a kai, ban gaya wa kowa ba. Baƙo mai ciwo lokacin noman maimai, wa zai riƙe shi?

Ana nan ruwa ya cinye hanyar Damagaram. Kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar nan, ya aiko a ba da mutane aikin dole, kowane gida namiji ɗaya. Kin san yadda ake yi, mai gida bai zuwa, bara ake turawa ko baƙo. Da dogarin sarki ya yi sallama, kafin a kira ni na miƙe na ɗauki gorata. Tsoro nake ji, Inna, don na san ƙafar nan ba za ta kai ni ta dawo da ni ba. Amma na ga in na tafi, wataƙila a ce na biya tuwon da na ci.

Malam ya riƙe mini hannu, ya zaunar da ni a turmi, ya tsuguna gabana a idon dogari da maƙwabta, ya kwance tsumman da kansa. Ashe ya daɗe da lura da tafiyata, yana jiran in faɗa. Sai ya ce wa dogari shi ne mutumin gidan nan da zai tafi. Dogari ya ce, "Haba Malam, kai da furfura? Ga ƙato a zaune!" Malam ya ce, "Ƙaton nan ƙafa ɗaya gare shi yau, ni biyu gare ni. Kumandan ƙafafu yake so, ba baƙin gashi ba."

Masu bi suka taru a kansa, wa zai karanta mana Littafi ran Lahadi? Ya ce abin da muka haddace ya ishe mu mu yi ta aikatawa har ya dawo, kuma bai iya tsayawa gabanmu ya karanta labarin wanda ya ba da ransa domin tumaki, alhali ya tura gurgu ɗaukar ƙasa. Kafin ya fita shi ya fara naɗe kan kurkunun a tsinke, ya nuna wa Gwaggo, kaɗan kaɗan kullum, kada a ja ya tsinke. Na yi kuka kamar ranar da aka binne ki.

Gwaggo ta yi ta naɗewa tana yi mini faɗa in na motsa. Maƙwabcinmu Malam Habu, mai makarantar allo da yake sayen fatar ɗinkin layu wurin Malam, ya turo 'ya'yansa suka yi mana maimai. Ya ce addini kowa da nasa, amma gero bai jira.

Malam ya dawo gero na fidda kai. Ya rame, tsakar kansa duk gashi ya goge saboda kwandon ƙasa, yana tari. Bai zauna ba, bai sha ruwa ba, sai da ya ce in taka a gabansa ya gani. Na taka, har na yi tsalle. Ya ɗaga hannu ya gode wa Ubangiji.

Inna, ban iya karatu sosai ba, baƙaƙen nan ma Malam ne yake koya mini a kan guntun fata. Abubuwa da yawa na cikin Littafi har yanzu sun fi ƙarfin kaina. Amma wannan na gane shi sarai, ba mai ruɗe ni: a gidan nan babba shi ne mai fara ɗaukar kaya. Na gani da idona.

Na gaya musu gaban kowa, in dogari ya sake zuwa ni zan tafi. Malam ya tambaye ni, a bara ko a ɗa? Na ce a ɗa. Ya ce to, in haka ne sai a zauna a yi shawara da ni kamar kowa, in tafiyar ta faɗo kaina ba zai hana ba. Ranar ce na fara miƙe ƙafa a tsakar gidan nan.

Ki kwantar da ranki, Innata. Ba a kore ni ba, kuma ba za a kore ni ba.

Allah ya yi miki rahama, ya saka miki wahalar da kika sha a kaina. Ya warkar da tarin Malam, ya ƙara masa kwana. Ni kuma ranar da kaya ya zo, ya ba ni wuyan ɗauka. Amin.

Ɗanki da ke tafiya da ƙafa biyu,
Ilu