Tabarmar Otis ta bi ruwa

Wendell,

Na ga gajiyarka, ban tashe ka ba.

Iskar jiya ta tafi da tabarmar da Otis ke fitsari a kai. Ka san karen nan, ba zai ɓata jirgin ruwan nan namu ba. Ya matse har cikinsa ya kumbura, sai rawar jiki yake. Maisie ta ce, “Mama, fashewa zai yi?”

Na ɗauki kwale-kwalen, zan kai shi gaɓa.

Hadari ya sake haɗowa, kuma ban yarda da ankar nan ba, ƙugiyar da ke riƙe da jirgin. In ta saki ƙasa, ka ta da inji ka fitar da jirgin da Maisie daga duwatsun nan da ke kusa da mu. Kada ka jira mu. Na san halinka, shi ya sa na rubuta.

Corinne