Umma Ta Bar Magani Saboda Zoɓo

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin maigidan?

An kwantar da Umma a asibiti jiya, hannunta na hagu ya yi nauyi. A taron matan Kinkinau masu renon yara, inda ake koya musu rage gishiri, wata ta ce mata zoɓo marar sukari yana sauke hawan jini. Sai ta daina shan maganinta, ba ta gaya wa kowa ba.

Jiya a gida, da Umma ta ce mini, "Je ki ba jikokina abinci," na ga bakinta ya karkace. Nan take muka kai ta asibiti, Yaya.

Ki taya mu addu'a, ki gaida mutanen gida. Likita bai tabbatar ba ko shanyewar ɓarin jiki ce, sai an ɗauki hoton kanta gobe.

Ƙanwarki,
Hadiza